Babi na Shida: Daga Ajin Ƙarshe a Mashi zuwa Ƙofar Jami'a

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a Mashi, daga bakin tasha har majalisar dattawa a ƙofar gida: "Nawa ya ci?" In aka ce 230, sai a yi hamdala, a yi wa uban yaro barka. In aka ce 175, sai a ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, a sauya zance. Bayan wata biyar ko shida kuma sai a ga abin mamaki. Mai 230 yana zaune a gida yana jiran baɗi, mai 175 ya ɗaure akwati ya tafi Dutsin-Ma.

Nan take hukunci ke fita daga bakin jama'a: ai adimishan sai da hanya, sai kana da wani a sama. Ba za a ce sanayya ba ta taɓa yin aiki ba. Amma galibin irin waɗannan labarai suna da bayani a cikin ƙa'idojin da aka rubuta aka buga, waɗanda ɗalibin da ke birni yakan ji su tun yana aji huɗu daga bakin yayyensa, shi kuwa ɗan ƙauyen Mashi wanda shi ne na farko a gidansu da ya kai aji shida sai ya faɗi sau ɗaya kafin ya san da su.

Mashi tana kan hanyar Katsina zuwa Daura, ƙaramar hukuma ce cikin 34 na jihar, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ta fuskar makarantu, wanda ya tashi a nan ba shi da uzurin nisa. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta jiha, da Al-Qalam mai zaman kanta wadda aka kafa a 2005, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. A Daura akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da kwalejin da ke ɗauke da sunan Dokta Yusufu Bala Usman. Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Kano da Zariya da Sakkwato duk tafiyar yini guda ce. Kakannin waɗannan yara, a zamanin da Kwalejin Katsina ta 1922 ke ɗaukar 'yan tsirarun ɗalibai daga duk faɗin Arewa, ba su yi mafarkin irin wannan yalwa ba.

Kiredit biyar

Lissafin shiga jami'a yana farawa tun kafin yaro ya ga kwamfutar JAMB. A makarantun gwamnatin jihar Katsina an yi shekaru ana jarrabawar share fage, wadda kowa ke kira kwalifayin. Wanda ya ci ta, gwamnati kan ɗauke masa kuɗin jarrabawar fita. Wanda ya faɗi, nauyin ya koma kan uba, kuma a gidan da ake auna hatsi da tiya don ya kai damina, nan karatun yara da yawa ke tsayawa, musamman mata.

Jarrabawar fita kuwa kala-kala ce. Akwai WAEC, wadda aka kafa tun 1952, akwai NECO mai hedikwata a Minna, akwai NABTEB ta 'yan fasaha da kasuwanci, akwai kuma NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Kowacce aka ɗauka, abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kos ɗin da ake so, da Turanci a ciki, da lissafi ga mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Wasu jami'o'i kan ce likitanci sai zama ɗaya. Ɗalibin da ya tashi da kiredit bakwai amma ya samu D7 a Turanci, ko da ya ci 300 a JAMB, bai da shiga har sai ya gyara.

Akwai kuma batun shekaru. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wanda ya gaje shi, Dokta Tunji Alausa, ya tsayar da 16.

A gaban kwamfuta

An kafa JAMB a 1978 don kawo ƙarshen yanayin da ɗalibi ɗaya ke riƙe gurabe a jami'o'i uku alhali wani bai samu ko ɗaya ba. Tun 2015 an daina rubuta jarrabawar da fensir, komai ya koma kwamfuta. Tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Ɗalibi zai aika lambar ta saƙon waya, a turo masa wata lamba, ya sayi fom, sannan ya je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa.

A wannan ɗakin rajista ake yin kurakuran da suka fi tsada. Layi ya yi tsawo, rana ta take, mai buga bayanai yana sauri. Ya ɗago kai ya ce, "Wane kos?" Yaro ya ce likita. "Wace jami'a?" Ya ce ABU, don ita ya fi jin suna. Cikin minti biyu an yanke shawarar da ta kamata a kwana ana tattaunawa da malami. Wani kuma sunansa a NIN Muhammad Sani, a takardar NECO Sani Mohammed, ranar haihuwa ma ta bambanta, ba zai gane illar ba sai ranar tantancewa. Wata ta yi rajista da layin wayar yayanta, shi kuma ya tafi ci-rani Legas da layin, duk saƙon da hukumar ta turo can yake sauka. Hatta lalle yana da nasa. JAMB ta sha gargaɗin 'yan mata cewa ƙunshi a kan yatsu na hana na'ura gane zanen hannu, kuma wadda na'ura ba ta gane ba, ba ta shiga ɗakin jarrabawa.

Jarrabawar kanta awa biyu ce. Tambayoyi 180: Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40, jimillar maki 400. Wato kowace tambaya tana da daƙiƙa 40. Hukumar ta sauƙaƙa ta yadda ba sai an iya sarrafa linzamin kwamfuta ba, haruffa kaɗan sun isa: A, B, C, D don amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Duk da haka, yaron da bai taɓa zama gaban allon kwamfuta ba sai ranar, yakan ɓata minti goma na farko yana rawar hannu, agogo kuwa yana ci a saman allo. Shi ya sa jarrabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta gaske ta fi amfani ga ɗan Mashi fiye da ɗan Abuja.

Alƙaluman 2025 sun nuna yadda abin yake. A sakamakon farko da aka fitar, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.95, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba. A shekarar ce shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta taɓa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Bisa waɗancan alƙaluman farko ke nan, ɗalibin Mashi da ya haura 200 ya riga ya shiga sahun kashi ɗaya bisa huɗu na sama a duk ƙasar.

Yadda ake raba gurabe

Makin da ake sanarwa a rediyo a matsayin kat-of, shi ne ya fi rikita iyaye. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda a ɗauki mutum da shi. Kowace jami'a tana da nata da bai gaza haka ba, kowane sashe kuma yana da nasa da bai gaza na jami'ar ba.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu gida uku. In sashe yana da gurbi 100, ana bayar da 45 bisa cancanta zalla, ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke. Ana ware 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar. Ragowar 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma Katsina na cikinsu. Tsarin ya samo asali daga manufar daidaita rabo tsakanin sassan ƙasa, wadda ta shiga tsarin mulki a 1979. 'Yan Kudu da yawa na sukarsa, suna cewa yaronsu mai 260 na rasa gurbin da mai 220 daga Arewa ke samu. Masu kare shi na cewa ba a gwada tseren wanda ya fara boko shekara 60 kafin ɗan'uwansa.

Ko wane gefe mutum ya tsaya, amfanin ga ɗan Mashi a fili yake. A ABU Zariya, ko Bayero ta Kano, ko jami'ar Dutsin-Ma, yana iya shiga ta kowanne daga cikin rukunan uku. A jami'ar jiha kuma yana da fifikon ɗan gida, muddin yana riƙe da takardar indijin daga sakatariyar ƙaramar hukuma. Sai dai a rukuni na biyu da na uku ma gasa ce, kuma abokan karawarsa su ne yaran makarantun kuɗi na Kano da Kaduna da cikin garin Katsina, waɗanda su ma 'yan yankin ne.

Bayan JAMB akwai tantancewar jami'a, wadda aka fara a 2005. Wasu jami'o'i na sake jarrabawa, wasu na duba takardu kawai su ba kowane kiredit maki. Wata hanya da wasu ke bi ita ce a raba makin JAMB da 8, a raba na jarrabawar jami'a da 2, a haɗa. Mai 280 da ya saki jiki ya ci 50 a ta biyu, zai tashi da 35 da 25, jimilla 60. Mai 240 da ya dage ya ci 70, zai tashi da 30 da 35, jimilla 65. Na biyun ne zai shiga, na farkon kuma zai koma gida yana cewa an sayar da gurbinsa.

Zaɓin kos

Abin da ya fi komai raba mai 230 da mai 175 shi ne abin da kowannensu ya nema. Likitanci, shari'a, haɗa magunguna, jinya da kwamfuta, nan jama'a ke cunkushewa. Kuma a nan jami'a ba ta da ikon ƙara kujera yadda ta ga dama, domin hukumar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace tsangayar likitanci za ta ɗauka, haka ma majalisar koyar da shari'a ga masu son zama lauyoyi. Dubbai na nema, gurabe ba su wuce ɗaruruwa ko gomomi ba. A gefe guda kuma sassan noma, gandun daji, kiwon kifi, koyarwa, lissafi da fizis sukan rufe shekara ba su cika ba.

A gidaje da yawa hirar iri ɗaya ce. Uba ya ce, "Ni dai likita nake so ka zama." Yaro ya ce, "To, Baba." Malamin da ya san ƙarfin ɗalibinsa a kemistiri, in ya yi ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, a bar shi ya nemi noma ko koyarwa," sai a ga kamar yana yi wa yaron baƙin ciki. A yankin da gero da wake da gyaɗa da dabbobi ke riƙe da kowane gida, digirin noma ko likitan dabbobi ba abin rainawa ba ne.

Haɗin darussa ma yana kayar da mutane. Likitanci na son Turanci, fizis, kemistiri da bayoloji. Injiniya na son lissafi a madadin bayoloji. Wanda ya rubuta haɗin da bai dace da kos ɗinsa ba, kwamfuta ce za ta tsame shi kafin wani ɗan Adam ya ga sunansa. JAMB na barin a canza kos ko makaranta bayan sakamako ya fito, a kan kuɗi kaɗan, kuma wannan ne gyaran da ya fi ceton shekara. Jami'o'i da dama ba sa kallon wanda ya sa su zaɓi na biyu.

Tun 2017 duk adimishan na bi ta manhajar CAPS. Dole ɗalibi ya ɗora sakamakon WAEC ko NECO a can, ya riƙa dubawa, in an ba shi gurbi ya danna amincewa cikin wa'adi. Akwai waɗanda aka ba, ba su duba ba, gurbin ya wuce. Wanda kuma wani ya shigar da shi ta bayan fage ba tare da CAPS ba, yakan gane kurensa ranar da aka zo tura ɗalibai bautar ƙasa aka rasa sunansa.

In jami'a ba ta samu ba

Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, amma hanyar digiri ba ɗaya ba ce. Mai takardar NCE ko difloma mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai IJMB, shirin share fage da ABU ke kula da shi, akwai kuma makarantar share fagen shiga jami'a ta ABU da ke Funtuwa. Ga 'yan mata da iyayensu ba sa son su yi nisa, makarantun jinya da ungozoma da kiwon lafiya na jihar, irin na Katsina da Malumfashi da Daura da Kankiya, sun fitar da mata da yawa da ke riƙe da asibitocin karkara yau.

Maƙwabtaka da Nijar ta sa wasu kan leƙa Maraɗi ko wasu ƙasashen yankin. Kafin a biya ko sisi, sai a tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya na karɓar takardar makarantar. A farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni.

Wa zai biya?

Samun gurbi rabin aiki ne. Tun 2023 jami'o'in tarayya da yawa suka ninka kuɗin rajista, ga haya, ga abinci, ga kuɗin mota. A bakin jama'a duk taimakon karatu sunansa sikolashif, amma iri uku ne, kuma kowanne da ƙa'idarsa.

Na farko shi ne alawus ɗin Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Katsina, wanda ake ba ɗan jiha da ke babbar makaranta. Ba ya buƙatar zarra a maki, buƙatarsa takardar adimishan da indijin da cike fom a kan lokaci. Ba ya ɗauke nauyin karatu, yana dai rage zafi.

Na biyu bashi ne. Asusun NELFUND, wanda ya buɗe a watan Mayun 2024, yana biya wa ɗalibin makarantar gwamnati kuɗin rajista kai tsaye ga makarantar, ya kuma ba shi naira 20,000 duk wata. Babu ruwa a kansa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da dama da ke gudun riba. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu.

Na uku shi ne tallafin hazaƙa na gaskiya, wanda ake yi wa takara. Kaɗan ne daga cikinsa ke kama ɗalibi daga sakandare. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a 2023, ta tura gomman ɗalibai Masar karatun likitanci, wasu kuma ƙasar Sin karatun fasahar zamani, aka kuma zaɓo su daga makarantun gwamnati ta hanyar jarrabawa. Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar ta Alƙahira sun daɗe suna ɗaukar masu ƙarfi a Larabci kyauta, gwamnatin Turkiyya ma na buɗe nata duk shekara ta intanet. Shirin gwamnatin tarayya da ke tura ɗalibai Rasha da Maroko da Hangari da Aljeriya kuwa, an dakatar da shi a 2025, bayan waɗanda ke can sun yi ta kukan rashin biyan alawus.

Mafi yawan sauran sai mutum ya shiga jami'a ake nemansu. Asusun PTDF da aka kafa a 1973 don horar da ma'aikatan fannin man fetur, da kamfanin gas na NLNG, da kamfanonin mai irin su Shell da Chevron da TotalEnergies, da gidauniyar MTN, duk suna ɗaukar ɗaliban jami'o'in gida, galibi na kimiyya da injiniya da likitanci. Da yawansu suna raba gurabe jiha-jiha ko shiyya-shiyya, don haka ɗan Katsina da 'yan yankinsa yake karawa. Jarrabawar tantancewarsu a kwamfuta ce, sanarwarsu a intanet, kuma babu na gaskiya a cikinsu da ke karɓar kuɗin fom. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp yana cewa a biya 5,000 a samu gurbi, ɗan damfara ne.

Ma'aunin da waɗannan masu tallafi ke dubawa shi ne matsakaicin makin jami'a, wanda ake lissafawa a kan 5. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai daraja ta biyu ta sama daga 3.50, kuma 3.50 ɗin ce iyakar da masu tallafi da dama ke gindayawa. Ɗalibin da ya ɓata zangon farko wajen neman ɗaki, da sabon gari, da fama da Turancin lakca, ya tashi da 2.40, sai ya ci 4.60 a zango na biyu kafin ya taɓa 3.50, in nauyin darussan ɗaya ne. Wanda ya fara da 3.80 kuwa, 3.20 ta ishe shi. Fom ɗin wasu kamfanonin yana fita tun ɗalibi na aji ɗaya ko farkon aji biyu, lokacin da sakamakon waɗannan zanguna biyu ne kaɗai ke cikin fayil ɗinsa.